Zuwa ga Tanko, Wanda Aka Mayar Aji Biyu

Magajin Gari,
Birnin Gwari.

Ɗana Tanko,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar uwa, da fatan ka sauka lafiya kuma hanya ba ta jijjiga ka da yawa ba. Yaya baƙunta, yaya ruwan garin? Allah ya tsare min kai daga sharrin da ido ke gani da wanda ba ya gani, ya haɗa ka da mutanen kirki a inda ba ka da kowa. Mu nan lafiya lau. Matarka Rabi da 'yarka Uwani suna gaishe ka. Labarin gida iyakarsa ke nan, don ba shi ya sa na ɗauki alƙalami ba.

Da hannuna nake rubuta wannan. Za ka ga layin yana hawa yana gangara kamar hanyar ƙauyenmu Kusasu, sai ka yi haƙuri ka bi shi a hankali. Abin da ke ciki ba na kunnen mai rubuta wasiƙa a bakin kasuwa ba ne.

Ranar da za ka tafi ina tsakar gida ina tankaɗe, na ji kana magana da kawunka Bulus a zaure. Ka ce jami'ar da ta karɓe ka shekara ɗaya kawai za ta ɗaukar maka daga cikin biyun da ka yi a jami'ar kudu, aji biyu za ka sake zama. Ka ce, "Kawu, waɗanda zan zauna da su, wasu ba su wuce sa'o'in yaran da na koyar a firamare ba." Ya ce, "To, sai me?" Ka ce, "Zan dai gwada. In abin ya ƙi, ai gona tana nan." Sai ka yi dariya.

Rariya ta tsaya a hannuna. Na san wannan dariyar, Tanko. Dariyar mutumin da ya bar wa kansa ƙofar baya a buɗe ce, kuma a wurina ka gaje ta. Na so in kira ka kafin ka fita, bakina ya ƙi. Shi ya sa na zauna in gaya maka wuraren da na yi tuntuɓe, ko kai ka ɗaga ƙafa.

Ba ka san yayarka Ladi ba, sai suna. Yau zan gaya maka yadda ta tafi.

An kawo ni garin nan daga Kusasu ina yarinya, Hausata ta kasuwa ce, ta gaisuwa da tayi. Ranar farko da na je ɗiban ruwa na ɗora tulu a kafaɗa yadda muke yi a gida, matan unguwa suka leƙo suna kallo. Na gai da wata dattijuwa, maimakon in ce "kin yini lafiya" sai na ce "ka yini lafiya". Dariya har da riƙe ciki. Wata ta ce, "Amarya, wannan gwarancin fa?" Daga ranar na ɗinke bakina. Duk abin da aka faɗa min sai in ce "to". In na gane, to. In ban gane ba, to.

Ladi tana rarrafe zazzaɓi ya kama ta. Babanka yana cikin dajin Kamuku, lokacin yana aikin tsaron gandun daji, in ya shiga sai ya yi kwana da kwanaki. Na goya ta na kai ta ɗakin shan magani. Disfensan mutumin kirki ne, amma jama'a sun yi masa yawa, kuma da sauri yake magana. Ya yi mata allura, ya ba ni magani a kwalba, ya yi min bayani mai tsawo. Na kama "safe", na kama "cokali", sauran duk ya wuce ni. Ya dube ni ya ce, "Kin gane?" A bayana matan unguwarmu ne jere a kan benci. Na ce, "To." Ya ce, "Cewa na yi kin gane?" Na ce, "E."

Ashe cewa ya yi in riƙa dawo da ita ana ƙara allura har a gama, ko da ta ji sauƙi. Ta kuwa ji sauƙin, ta kama nono, har tana ja min ɗankwali tana dariya. Ban koma ba. Da ciwon ya juyo, da ƙarfinsa ya juyo. Na ruga da ita, yana ganina ya ce, "Baiwar Allah, ina kika shiga? Ba na ce ki dawo ba?" Ba ta kai la'asar ba.

Na sani kwana ne ya ƙare. Malamai sun gaya min, na kuma yarda. Amma har yau in na rufe ido ina ganin bencin nan, ina jin bakina yana cewa "E". Babanka ya koma ga Allah bai san wannan ba. Kai ne na farko da ya ji.

To ga ka nan za ka shiga ajin da kowa ya riga ya san kowa. Sun san yadda kowane malami yake magana, sun san abin da aka koya musu bara, wanda wataƙila ku a kudu ba a koya muku ba, ko an koya muku ta wata hanya, ko shekarun gona sun share maka shi. Malami zai juyo daga allo ya ce, "Kun gane?" Yara za su ce e. Kai in ba ka gane ba, ɗaga hannu. Bar su su yi dariyar mai gemu yana tambaya. Dariya ba ta taɓa binne kowa ba, ni kuwa na ga abin da "to" ta binne. Kai da bakinka ka taɓa ce min lissafi kamar ginin rumbu ne, in aka ɗora sabuwar ƙasa a kan wadda ba ta bushe ba, wata rana duka zai zauna. In ka ji kunyar aji, bi malamin har ofishinsa. In ya kore ka, koma gobe.

Bayan rasuwar Ladi akwai wadda ta so ta jawo ni jiki, Yaya Mairo, wadda katanga ɗaya ta raba mu. Ka san ta tana tsohuwa, tana ba ku gyaɗa. Ita kaɗai ce ba ta yi min dariya ba ranar tulu. Kullum sai ta shigo da kunu ta zauna, ko ban ce komai ba ta yi ta hira ita kaɗai. Ni kuwa me na saka mata da shi? Duk abin da ta yi sai in ce, "A garinmu ba haka muke yi ba." Tuwonta, a garinmu ya fi tauri. Doyarta, ta garinmu ta fi gari. Da ɗorawa ta nuna ta ce, "Laraba, mu haɗa kalwarmu mu dafa tare, itace ya yi mana auki." Na leƙa tukunyarta na ce, "Ku mutanen gari ai ba ku iya daddawa ba." Ta sauke tukunyarta da zafinta, ta naɗe hannu da zane ta ɗauka. A bakin ƙofa ta juyo ta ce, "To, Allah ya mayar da ke garinku lafiya."

Ban koma garinmu ba. Nan na haife ku, nan na tsufa, ina jin dakanta tana jin nawa, tsakaninmu sai "ina kwana". Sai da furfura ta fito mana muka shirya, kuma ba mu daɗe da shiryawa ba aka ɗauke ta. Gaskiya daddawata ta fi tata. Me wannan gaskiyar ta ba ni?

Na faɗi wannan ne don na sha jin ka. "A kudu ɗakin karatu kaza ne." "A kudu malaminmu ba ya duba littafi." Har hedimastanku ya taɓa ce wa Rabi, cikin wasa, in ya sake jin kudu zai saya maka tikitin jirgin ƙasa. A gida an jure maka saboda an san ciwon da ke ƙasan maganar. A can ba wanda ya sani. Wanda ya shigo gidan mutane daga baya yana yabon gidan da ya baro, shi kaɗai zai ci tuwonsa. Ka nemi mutum ɗaya ko biyu da za ku riƙa zama kuna warware lissafi tare, ko da ka girme su nesa ba kusa ba. Abin da ka fi su, ka nuna musu ba tare da ka faɗi inda ka koyo ba. Abin da suka fi ka, ka ce, "Ɗan'uwa, sake min wannan."

Yanzu maganar mayar da kai aji biyu.

Kana ɗan makaranta lokacin da aka buɗe mana ajin yaƙi da jahilci a gidan mai unguwa, wataƙila kana iya tunawa da ɗan allona baƙi. Na so karatun nan kamar me. Na riga kowa haɗa baƙi, har malamarmu takan sa ni in karanta a gaban aji. Ni da aka yi wa dariyar gwaranci, ni ce nake karanta wa matan gari Hausa. Sai aka yi wa mijin malamar canjin wurin aiki, ta bi shi. Aka haɗe mu da ajin wata unguwa. Sabuwar malamar ta gwada mu ɗaya bayan ɗaya. Da ta zo kaina ta ce, "Karatunki ya yi kyau, rubutu ma ba laifi. Amma lissafi ba a fara miki ba. Ki zauna da sababbi tukuna, in an jima kya riski 'yan ajinku." Na duba tabarmar sababbi, har da yaran da aka yi wankan jegonsu a gabana. Na ce, "Ni? Da 'yan a-ba-ca-da?" Ta ce, "Ba daɗewa za ki yi ba." Na ce, "Ashe a banza na yi ta zuwa." Na ɗauki allona na fito.

Ta aiko a kira ni, na ce ina daka. Ta sake aikowa, na ce kaina ke ciwo. Daga nan ba ta ƙara ba.

Waɗancan sababbin duk sun gama, an ba su takardar shaida. Ɗaya daga cikinsu, Hansatu, ita ce yau take awon jarirai a asibiti. Da na raka Rabi awon Uwani, ita ta duba sikeli ta rubuta, ni ina tsaye ina kallon lambobin kamar akuya a gaban allo. Uwar mai lissafi ke nan. Tarawa nake iyawa da yatsu, rabawa kuwa har gobe ban san ta inda ake kama ta ba. Zaman da na ƙi yi a tabarmar nan bai kai damina ɗaya ba, ga shi na yi rabin rayuwa ina tsaye a inda na tsaya.

Shekarar da suka ce ka sake, ka sake ta. Kada ka zauna a ajin kana huci kana cewa na riga na yi wannan. Gonar da aka bari ta yi shekaru, ko da a da an nome ta, sai an sake sassabe. Ranar da za a miƙa maka digirin ba wanda zai tambaye ka sau nawa ka zauna a aji biyu.

Saura babbar, wadda nake ta kewayawa tun farkon takardar nan.

Kai ka san ta, kana wurin. Amma ba ka taɓa jin ta daga bakina ba.

Babanka ya fito daga daji da ciwon da bai tashi ba, a shekarar da ƙasa ta rikice. Ka zo daga kudu aka yi zaman makoki da kai. Da aka yi sadakar arba'in ka ɗaure akwatinka, ka sa takalmi. Na riga ka zuwa zaure na tsaya a bakin ƙofa. Ka ce, "Inna, shekara ɗaya ta rage min." Na ce, "Ba ka jin abin da rediyo ke faɗa?" Ka ce, "Inda muke lafiya ake, abokaina duk sun koma." Na ce, "Su suna da iyaye maza." Ka ce, "Inna, in ban koma yanzu ba za su ba wani wurina." Sai na faɗi abin da na faɗa. Na ce in ka taka ƙofar nan ban yafe maka nonon da ka sha ba.

Kawunka Bulus yana zaune a kan buzu ya miƙe. Da yarenmu ya yi min magana don kada baƙi su ji. Ya ce, "Laraba, mayar da maganar nan cikinki. Ba a ɗaure ɗa da wannan igiyar." Na ce masa, "Ɗanka ne ko nawa?" Ka sauke akwatin a hankali kamar akwai ƙwai a ciki, ka cire takalmi, ka ce, "Shi ke nan, Inna."

Tsoro ne, ba na musu. A wannan shekarar uwaye da yawa sun ji irinsa, wasu kuma tsoronsu ya tabbata. Da a nan abin ya tsaya, da na sami abin da zan kare kaina da shi. Amma ƙasa ta lafa, motoci suka ci gaba da zuwa kudu suna dawowa, ni ban janye ba. Ka kama koyarwa a firamare, ka karɓi gonar babanka, na yi maka aure. In na ji ƙarar kekenka a ƙofar gida da azahar sai raina ya yi sanyi, in ce ga namiji a gida. Daɗin wannan nake ji, Tanko. Ba tsoro ba ne kuma. Na san kana jira in ce je ka, na kuma san ba za ka taɓa tambaya ba, sai na fake da shirunka.

Ina ganinka bayan la'asar a gindin mangwaro, kana cika takardun buhun siminti da waɗansu ƙugiyoyi kamar sawun kaji, haruffa a inda ya kamata a ga lambobi. Wata ranar kasuwa ganye ya ƙare min, na kwashi takardun nan na yayyage na ƙunsa daddawa. Ka dawo kana ta dube-dube, har ka zo rumfata ka ga wata mata tana sa ƙunshi ɗaya a kwando. Ka ce, "Inna, aikin damina guda ne wannan." A gaban mutane na ce, "Lissafin da ba ya ƙirga ko awaki, ai gara ya ƙunsa daddawa." Aka yi dariya. Kai ma ka yi. Ka taya ni kwashe kaya, ka ɗora min su a keke har gida. Ban sake ganinka a gindin mangwaron ba. Sai bana Rabi take gaya min ba dainawa ka yi ba, a makaranta kake tsayawa bayan an tashi, kana yi a allon aji kana gogewa.

Da wannan jami'ar ta amsa maka, ka zo ka durƙusa kanka a ƙasa, ka ce, "Inna, wannan ba kudu ba ce, yini ɗaya ne a mota. In kin yarda." Na ce, "Allah ya kiyaye hanya." Iyakar abin da na ce ke nan. Girman kai ya hana ni ƙarasawa. Ka tafi da waccan maganar tana rataye a wuyanka, kuma na san ka, duk ranar da karatu ya yi tsanani za ka ce wataƙila bakin uwa ne.

To ka ji. Jiya da hantsi na aika aka kira kawunka daga Kusasu. Na sa Rabi ta fito da Uwani. Na tsaya a bakin ƙofar zauren nan, daidai inda na tsaya a wancan karon, na faɗa da ƙarfi har masu wucewa suka juyo. Na ce maganar da na yi wa Tanko na janye ta. Nonon da ya sha halalinsa ne, na yafe duniya da lahira. Na faɗa da Hausa, na sake faɗa da yarenmu. Kawunka ya cire hula ya yi addu'a irin tasu, ni na shafa tawa. Da ya gama ya ce, "Kin makara, amma kin iso." Ban yi masa musu ba.

Ba bakin kowa a kanka. In lissafi ya yi wuya, wuyarsa ce kawai, sai ka ƙara zama.

Abin da zan roƙe ka a nan biyu ne. Uwani ta fara jera tsakuwa a tsakar gida tana ƙirgawa, in an taɓa mata ɗaya sai kuka. Wata rana za ta ɗaure akwati ta ce za ta wani wuri da kai ba ka sani ba, zuciyarka za ta ce tare ƙofa. Ka tuna da ni, ka matsa gefe.

Na biyu, kada ka riƙa waiwayen gida. Gona kawunka ya karɓa, Rabi kuma ba yarinya ba ce. Ƙafafuna sun fara kumbura, ka gani da idonka kafin ka tafi, ba sai na ɓoye ba. Na gaya wa kawunka, na kuma sa ya yi min alkawari: in jikin ya tsananta kuna cikin jarrabawa, ba mai aiko maka. In ma ta Allah ta kasance, garin nan cike yake da masu sallah da masu haƙa kabari, ba za a bar ni a tsakar gida ba. Ka yi min addu'a a inda kake, ka wanke fuska, ka shiga ka rubuta jarrabawarka. Na taɓa tsayar da kai da raina. Ban yarda a tsayar da kai da gawata ba.

Allah ya buɗa maka ƙirji, ya sanya albarka a alƙalaminka. Allah ya kare ka a ɗaki da aji da kan hanya, ya raba ka da ciwo da mugun aboki, ya sa malamanka su ji tausayinka. Allah ya jiƙan babanka da Ladi. In da rabon mu gana, Allah ya kawo min kai lafiya, ka gama. Ka yafe min.

Wassalam.

Ni ce mahaifiyarka,
Laraba.